Daga Maƙera Zuwa Sikelin Ɗan Gwangwan: Tarihin Tsohon Ƙarfe a Nasarawa Gwom

Duk wanda ya taɓa kwana a Nasarawa Gwom, ko a unguwannin da ke maƙwabtaka da ita irin su Dutse Uku da Rikkos da bakin Dilimi, ya san cewa kafin hantsi ya dubi ludayi yaro zai ratso lungu yana tura kura, ko yana saɓe da buhu, yana cigiyar tsohon ƙarfe. Mun saba da shi har mun daina ganinsa. Matan gida su miƙo masa fasasshiyar tukunya, yara su kawo gwangwanin madara da ƙusoshi, shi kuwa ya ɗaga ɗan sikelinsa, ya faɗi kuɗi, ya wuce.

Abin da ya sa muka waiwayi wannan yaro shi ne wani rabon gado da aka yi a gidan danginmu a wannan unguwa. Mamacin ya zo Jos yana saurayi, ya yi leburanci a haƙar kuza, da ƙarfinsa ya fara raguwa ya koma noman lambu a bakin rafi. Da aka gama da gida da fili da 'yan kuɗaɗe, sai aka buɗe wani ɗaki da ke jikin zaure, wanda ya shekara da shekaru a garƙame. A ciki aka tarar da kwanon sarki guda biyu da gindinsu ya cinye, da diga, da shebur marar ƙota, da injin ban-ruwa biyu waɗanda aka ciro kayan ɗaya aka gyara ɗaya har duka suka mutu, da faifan garmar tarakta, da garmar shanu wadda ba wanda ya tuna ranar da aka ɗaura mata shanu, da wani guntun ƙarfen dogo da ya fi na jirgin yanzu ƙanƙanta. Samarin gidan suna son ɗakin su mai da shi shago, domin haka suka ce a kira ɗan gwangwan. Uwargidan mamacin ta ce ajiya maganin wata rana, a bar mata kayan mijinta. Aka kwana biyu ana ja-in-ja a kan abin da kuɗinsa duka bai kai na buhun masara ba.

Mun lura cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafa yana da zamaninsa, kuma idan aka jera su sai su ba da tarihin garin Jos fiye da yadda wasu littattafai suka bayar. Abin da za mu yi ƙoƙarin bi ke nan a wannan maƙala.

Zamanin da ba a zubar da ƙarfe

Kafin zuwan Turawa, ƙarfe abu ne mai tsada a ƙasar Hausa da tsaunukan Filato baki ɗaya. Sai an haƙo tama, an sari itace an ƙona gawayi, an gina rahoniya, an kwana ana zuga, sannan a sami ɗan curin da maƙeri zai sarrafa. Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai a wannan yanki, domin a Taruga, kusa da Abuja, an tono wuraren narkar da tama waɗanda suka girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Wanda ya san wahalar da aka sha kafin a sami ruwan garma guda ba zai jefa shi a juji ba. Garma idan ta cinye sai a kai wa maƙeri ya mai da ita fartanya, fartanya ta koma lauje ko wuƙa, wuƙa ta koma basilla ko ƙusa. Ƙarfe yana ta ƙanƙancewa a hannun mutane har ya ƙare, ba tare da ya taɓa zama shara ba.

Ita kanta bolar ba abin ƙyama ba ce a wancan zamani. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, jakuna ne ke shiga gari da itace su fito da takin bola, kuma da wannan taki aka noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu. Masu lambun Jos sun gaji wannan dabara. Har cikin shekarun 1990 da bayansu manoman rani na bakin Dilimi da na gefen tafkunan kuza suna sayen tokar bolar gari mota-mota suna zubawa a kwamin karas da latas da kabeji, domin tana rage tsamin ƙasar Filato. Abin da ya ɓata wannan ciniki shi ne leda da fasasshiyar kwalba da tsohon batir, waɗanda suka cika bolar har tsince su ya zama aiki na daban.

Kuza da ambaliyar ƙarfe

Maƙeran Liruwen Dalma sun daɗe suna narkar da kuzar da ake wankowa daga rafin Dilimi, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwannin nesa. Waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, har ya aiko George Nicolaus a 1902 ya binciko asalinsu. Bayansa H. W. Laws ya zo ya kafa sansani a Naraguta. A shekarun farko a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki, kuma a ka ake hawo da duk wani ƙarfe da kamfani ke bukata. Domin rage wannan wahala aka shimfiɗa ƙaramin dogo daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya kai Bukuru a 1914. Babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, shi kuwa ƙaramin aka ci gaba da lallaɓa shi har aka rufe shi a 1957. Muna kyautata zaton guntun ƙarfen da aka tarar a ɗakin mamacinmu daga nan ya fito. A kansa yake miƙe ƙusa da bakin fartanya.

Da jirgi ya samu, sai ƙarfe ya kwararo. Diga da shebur da kwanon sarki dubbai, bututun ruwa, famfuna, tukwanen tururi, kwanon rufi, daga baya kuma manyan injunan haƙa masu dogon wuya waɗanda ke kwasar ƙasa da guga ɗaya fiye da abin da leburori da yawa za su ɗauka a wuni. Wajen 1930 aka fara samun lantarki daga Kurra domin juya waɗannan injuna, a 1939 kuma kamfanoni da dama suka haɗe suka zama ATMN, wanda ya fi kowa girma a filin kuza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta juyo kan Filato da ƙarfi, aka yi aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, aka kwaso dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa, da yawansu sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000. Wanda ke son cikakken bayani ya nemi littafin Bill Freund na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da wannan ambaliya ta yi wa maƙera. Tun da dogo ya isa Kano a 1911 narkar da tama ta fara ja da baya, domin maƙeri ya ga ba dalilin kwana yana zuga alhali ga ƙarfen Turawa a yashe, wanda ya fi nasa tauri da arha. Cikin 'yan shekarun da ba su fi rayuwar mutum ɗaya ba aka daina haƙar tama kusan ko'ina, aka manta yadda ake gina rahoniya. Sifirin mota ya zama gatari da adda, tsohuwar ganga ta zama kurfoti da bokiti da akwatin amarya, gwangwani ya zama aci-bal-bal. Maƙerin bai mutu ba, amma daga ranar ya dogara ga abin da wani ya yar. Wannan shi ne asalin cinikin tsohon ƙarfe a garuruwanmu, tun kafin a san kalmar jari-bola.

Filin kuza ya koya wa mutanen Jos wani darasi game da shara wanda bai kamata mu tsallake shi ba. Shekara da shekaru masu wankin kuza suna tsince wani baƙin yashi mai nauyi suna zubarwa domin yana ɓata musu kaya. A farkon shekarun 1950, lokacin Yaƙin Koriya, Amurka ta shiga sayen wannan yashi, wato kwalambait, da tsada, saboda ana bukatarsa wajen ƙera injin jirgin sama. Nan da nan aka koma kan tsofaffin tsibin ƙasa ana sake wanke su, Nijeriya ta zama ita ce ke fitar da mafi yawan kwalambait na duniya a 'yan shekarun nan, wasu suka yi arziki da abin da aka zubar tun zamanin iyayensu. Haka kuma a 1943 wani malamin ma'adinai a yankin Jama'a ya tsinci kan mutum-mutumin yumɓu a ramin kuza, ya kafa shi a gonar doyarsa domin korar tsuntsaye da birai. Da kan ya isa hannun Bernard Fagg, sai ya ga kamarsa da wani da aka tono a Nok a 1928. Daga nan aka gane al'adar Nok, kuma a kan irin waɗannan kaya aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Uwargidan mamacinmu ba ta san wannan labari ba, amma da ta sani da ta kafa hujja da shi.

Makabartar taraktoci

Garmar shanu da faifan tarakta suna da nasu labarin, kuma ya fi na kuza ban takaici, domin ita kuza an ci riba kafin a watse.

Turawan aikin gona sun fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu wajen 1928. Aka riƙa ba manomi bashin bijimai biyu da garma ta hannun En'e, yana biya a hankali. Abin ya karɓu a ƙasar gyaɗa da auduga, wato Kano da Katsina da Zariya da Gombe, har ya zuwa shekarun 1960 masu huɗar shanu sun kai dubun dubata, kuma garmar Emcot ta zama sananniya a kowane ƙauye. Dalilin karɓuwarta a fili yake. Ƙarfe ne da ƙusoshi kaɗan, maƙerin ƙauye yana iya sake mata baki, shanun kuma suna ba da taki, idan sun tsufa a sayar da su da riba. A kan dutsen Filato ba ta yi irin wannan tasiri ba, saboda gonakin ƙanana ne, ga duwatsu, ga shingen ƙyarana, manoman acca da dankali kuma sun riƙe babbar garmarsu ta hannu. Wataƙila shi ya sa ta mamacinmu ta ƙare a ɗaki.

Tarakta kuwa da alkawari mai girma ta zo. Bayan yaƙi Ingila tana cikin ƙarancin man girki, sai ta ƙudura noma gyaɗa da injuna a Tanganyika daga 1947, har da tankokin yaƙi da aka mayar motocin noma. Aka yi watsi da shirin a 1951 bayan an narkar da fiye da fam miliyan 30. Ƙanensa shi ne shirin Mokwa a Lardin Neja, daga 1949 zuwa 1954. A can tarakta ce ke yin huɗa, amma noma da girbi da hannu ake yi, aka ɗora wa kowane magidanci eka 24, abin da ya fi ƙarfin fartanyar iyali ɗaya nesa ba kusa ba, sannan kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku na amfanin. Ciyawa ta cinye gonaki, saiwoyi suka karya garemani, mutane suka gudu. Duk abin da zai faru da tarakta a ƙasar nan an gan shi a Mokwa, sai dai ba a ɗauki darasin ba.

Da kuɗin man fetur suka shigo, sai aka sake ɗaura ɗamara. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shagari ta kawo juyin noma a 1980. Aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, aka buɗe ayyukan gona na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, daga baya Lafiya, wadda a lokacin tana cikin Jihar Filato. Kamfanin Steyr ya fara harhaɗa taraktoci a Bauchi, ana harhaɗa na Fiat a Kano, ga Massey Ferguson da Ford da John Deere ana shigowa da su ta jirgin ruwa. Kowace ma'aikatar gona ta jiha ta buɗe sashen ba da hayar tarakta, ƙananan hukumomi ma suka bi sahu. Aka yi bukukuwa, aka jera motoci sababbi fil, aka ɗauki hotuna.

To, amma sayen tarakta shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarinta. Tana son mai da baƙin mai a kan kari, tana son bakanike wanda ya san cikinta, tana son kayan gyara, kuma kayan wannan kamfani ba sa shiga na wancan. Ma'aikatar da ta sayi iri huɗu daga 'yan kwangila huɗu ta ɗaura wa kanta wahala huɗu. Kuɗin haya ana zuba su a baitulmali, kuɗin gyara kuwa sai an rubuta takarda ta hau ta sauko, kafin a sa hannu damina ta wuce. Manyan mutane su ake fara yi wa huɗa, talaka ya biya kuɗi ya zauna jira har lokacin shuka ya ƙure. Idan tarakta ɗaya ta tsaya saboda abu kaɗan, sai a ciri nata a gyara wata, gobe a sake cirar wani abu, kafin shekara ta zagayo ta zama ƙwarangwal a kan duwatsu. Yadda mamacinmu ya yi da injinan ban-ruwansa biyu, haka gwamnatoci suka yi da ɗaruruwan taraktoci, sai dai shi da guminsa ya saya. Da aka karya darajar naira a 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, kayan gyara suka yi tsadar da ta ƙarasa sauran. Manyan gonaki ma ba su tsira ba. Gonar BARC da ke Zallaki a hanyar Zariya, wadda aka kafa da buri mai yawa a shekarun 1980, ta yi shekaru masu yawa a yashe.

Akwai wani abin mamaki game da kayan gwamnati, wato zubar da su ya fi sayensu wuya. Ba a sayar da mataccen inji sai an naɗa kwamiti ya duba shi, ya rubuta cewa ya tashi daga aiki, an sami izini, sannan a yi gwanjo. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta sake tsara wannan hanya. Ma'aikaci mai tsoron bincike ya gwammace ya bar tarakta ta ruɓe a harabar ofis, domin ba a tuhumar kowa a kan tsatsa. Marar tsoro kuma ya san yadda ake rubuta lafiyayyar mota a cikin matattu a sayar wa na gida. Tsakanin waɗannan biyu aka rasa dukiya mai yawa. Faifan da muka gani a ɗakin zaure ta irin wannan hanya ya fito, ko ta gwanjo ko ta bayan katanga, kuma matan gidan sun soya ƙosai a kansa kafin ya huje.

Jari-bola

Shekarar 1985 ta haɗa abubuwa biyu da suka shafi maganarmu. A watan Yuli gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta a Kano, har da alkawarin naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsabta. Gwamnatin ta faɗi bayan wata guda, amma al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta zauna, aka riƙa tilasta wa mutane fitar da tarkacen da suka tara a ƙofar gida. A watan Oktoba kuma kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashin tan ya faɗo daga sama da fam 8,000 zuwa ƙasa da rabin haka cikin 'yan watanni. Dama kuzar sama-sama ta ƙare, Turawa sun fara janye jiki tun bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972. Kamfanin narkar da kuza na Makeri, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1960, kuma sunansa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, ya rasa abin narkarwa. Aka sallami ma'aikata, aka bar injuna a bakin ramuka, ruwa ya cika ramukan. Gari ya wayi gari da ƙarfe mai yawa marar mai shi, da samari masu yawa marasa aikin yi.

A daidai wannan lokaci ƙasar tana mafarkin ƙarfen kanta. An fara ginin Ajakuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyat, an buɗe na Aladja a 1982, an kuma gina masana'antun murza rodi guda uku a Jos da Katsina da Oshogbo, kowace da nufin fitar da tan 210,000 a shekara. Ta Jos ba a gina ta domin narkar da tsohon ƙarfe ba. Curi take jira daga Aladja, tafiyar ɗaruruwan kilomita a mota. Da curin ya yanke sai ta tsaya, aka sayar da ita ga 'yan kasuwa a tsakiyar shekarun 2000. Waɗanda suka ci moriyar tsohon ƙarfen Filato su ne ƙananan masana'antu masu tukunyar lantarki, mafi yawansu a Legas da Ogun, irin na Ikorodu da Ogijo da Ota. Tirela ta yi lodi a Jos ta gangara kudu, ƙarfen ya narke ya zama rodi, wata tirelar ta hawo da shi mu saya mu zuba dakali. Mai yiwuwa ne ginshiƙin wani bene a titin Bauchi tarakta ce ta zamanin Shagari.

Sana'ar tana da tsari, ko da yake daga waje ba a gani. Yaro yana karɓar ɗan jari da kura daga ubangidansa da safe, ya dawo da yamma a auna. Da mayen ƙarfe ake rarrabewa: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mafi arha, abin da bai kama ba a duba ko alminiyam ne ko tagulla, ita ce sarauniyar kaya. Kafin a kai sikeli sai an tsince abin da zai sake rayuwa. Bakaniken Dilimi ya ɗauki giya da ƙusoshi, mai walda ya ɗauki bututu da faranti ya yi ƙofa ko injin markaɗe, maƙeri ya ɗauki sifirin da faifai, mai zubin tukwane ya narkar da alminiyam a ƙasa ya fitar da tukunyar biki. Sai abin da kowa ya ƙi ne ke hawa tirela. Idan muka duba da kyau, tsohuwar hanyar garma zuwa basilla ce ba ta mutu ba. Illarta kuwa a jikin yaran take: yankan kwano mai tsatsa, hayaƙin wayar da ake ƙonawa domin a fitar da tagulla, da ruwan batir da dalmarsa da ake fasawa da hannu a tsakiyar unguwa, kusa da inda ƙananan yara ke wasa.

Ba za mu yi maganar tarkace a Nasarawa Gwom mu tsallake abin da kowa ya sani ba. Rikicin 7 ga Satumba 2001, da gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, da rikicin Nuwamban 2008, da na 17 ga Janairun 2010 wanda ya faro daga wannan yanki a kan sake gina wani gida da aka ƙona a na baya, kowanne ya bar ƙonannen kwanon rufi da gawar motoci da ƙofofin ƙarfe a kangaye. Waɗannan ma sikeli suka hau. Akwai iyalai, Musulmi da Kirista, da suka dawo duba gidajensu suka tarar ko ƙyauren ba a bar musu ba. Bayan haka gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, yaron da ke tura kura kuwa sana'arsa ta ratsa unguwanni ce, saboda haka shi ne kullum a bakin iyaka, shi ake fara zargi idan abu ya ɓace.

Zargin kuma ba duka ne ƙarya ba. Sikeli ba ya tambayar asalin kaya. An kwance ƙarafan dogo a wurare da dama na ƙasar nan, an sace wayoyin lantarki da murafun kwalbati da kan famfon burtsatse, an yanka injunan kuza da wutar walda an kwashe. A Borno Gwamna Zulum ya hana sana'ar a 2023 bayan an kashe masu shiga daji neman ƙarfe da dama, a Abuja kuma hukuma ta hana 'yan bola yawo a cikin birni, ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci a farkon 2025. A ganinmu kama yaro mai buhu ba ya maganin komai matuƙar ba a tambayi dilan da ya auna, da mai tirelar da ya ɗauka, da masana'antar da ta narkar ba. Yaron da ke samun abin sayen garin kwaki ba shi ke da motar ɗaukar ƙarfen dogo ba.

Abin da ya fi damunmu a matsayinmu na ɗaliban harshe da tarihi shi ne abin da ke narkewa tare da ƙarfen. Gidan tarihi na Jos ya adana kawunan ƙaramin jirgin Bauchi da wasu kayan haƙar kuza, amma na kamfani ne da na gwamnati. Kayan leburan da ya ɗauki ƙasa a ka, da jigon da mai lambu ya yi ban-ruwa da shi kafin zuwan inji, da ire-iren garemanin Birom da Anaguta da Afizere da na Hausawa, kowace da siffarta da sunanta, suna ƙarewa ɗaki bayan ɗaki duk lokacin da aka yi rabon gado. Idan abu ya tafi, sunansa ba ya daɗewa. A cikin samarin gidan da muke magana, biyu ne kawai suka san abin da ake kira kwanon sarki, ba kuwa wanda ya iya bambanta sungumi da masassabi.

A ƙarshe wani kawun mamacin ne ya raba gardamar. Aka kira ɗan gwangwan ya auna injinan ban-ruwa da faifan da diga da shebur, aka zuba kuɗin cikin gado aka raba yadda shari'a ta ce. Garmar shanu wani ɗan'uwa da ke noma a wajen Toro ya ɗauke ta, ya ce baki kawai za a sake mata. Guntun dogon yana ƙofar sabon shagon, mai facin taya na kusa yana aron sa. Uwargida ta riƙe kwanon sarki ɗaya, ta cika shi da ƙasa ta shuka na'ana'a a bakin rijiya. Ɗayan kuwa yaron ya jefa shi cikin kura bai ma auna ba, ya ce tsatsa ta riga ta cinye nauyinsa.